Jirgin ruwan shaƙatawa don masu rawar zaure: fara tambayar daɓe kafin ka tambayi kuɗi

Duk kamfanin jiragen ruwan shaƙatawa da ka buɗe shafinsa, za ka tarar an rubuta cewa akwai kiɗa da rawa kowane dare. Ba ƙarya suka yi ba, sai dai rawa suna ta tara. Akwai wadda kowa ke cashewa shi kaɗai a gaban mai saka faifai. Akwai wadda ake jeruwa sahu-sahu a bakin tafkin iyo ana bin mai koyarwa. Sannan akwai wadda ta tara mu a nan, rawar zaure, wadda Turawa ke kira bolrum, inda mutum biyu ke riƙe juna su zagaya fili da taku ƙidayayye. Ita wannan tana da sharuɗɗanta, kuma yawancin jirage ba su cika su ba. Wanda ya biya kuɗin kwana bakwai ko goma sha huɗu a kan teku don ya yi wals da matarsa, ya je ya tarar da ɗan fili na marmara da bai fi shimfiɗar tabarma huɗu ba, to babu inda zai kai ƙara. Jirgi ya riga ya bar tasha.

Shi ya sa shawarata ga mai son wannan rawa ita ce ya juya tsarin saye. Mutane kan fara da garuruwan da jirgi zai tsaya, sai farashi, sai ɗaki. Kai fara da daɓen rawa, sai makaɗa, sai yawan kwanakin da jirgi zai yi bai tsaya ko'ina ba. Sauran duk su biyo baya.

Wace rawa kake yi?

Kafin a zo ga jirage, ka san irin filin da ƙafarka ke buƙata. Rawar zaure ta ƙasa da ƙasa kashi biyu ce, kowanne da rawa biyar. Kashi na farko su ne masu tafiya: wals, tango, wals ɗin Biyana, fokstrot da kwikstep. Waɗannan ba sa tsayawa wuri ɗaya. Kowa yana bin gefen fili, ana zagayawa saɓanin yadda hannun agogo ke juyawa, kuma fokstrot musamman tana son doguwar hanya, don takunta dogo ne mai sulɓi. Idan fili gajere ne, kafin ka gama salo ɗaya ka isa kusurwa. Kashi na biyu su ne na Latin: ca-ca-ca, rumba, samba, faso dobile da jayib. A cikinsu rumba da ca-ca-ca da jayib kusan a wuri ɗaya ake yin su, saboda haka ɗan ƙaramin fili ma ya wadatar.

Wannan bambanci shi ne rabin zaɓinka. Ma'auratan da rumba da ca-ca-ca ne abin sonsu za su ji daɗin jirage da yawa, har da manyan nan na zamani. Wanda zuciyarsa ke wajen fokstrot da kwikstep kuwa, jiragen da za su gamsar da shi 'yan kaɗan ne, ana iya ƙirga su da yatsu.

Akwai kuma bambancin gida. A jiragen da fasinjojinsu yawanci 'yan Birtaniya ne, za ka ga salon ƙasa da ƙasa, wanda ba a sakin juna a rawa masu tafiya, da kuma wata rawar jeri da suke matuƙar so, inda kowa da kowa ke maimaita taku iri ɗaya a lokaci ɗaya. Idan ba ka san jerin ba, gara ka zauna ka kalla, don shiga tsakiyarsu da naka salon yakan rikita layi. A jiragen Amurkawa kuwa salo ya fi sakewa, abokan rawa kan saki juna su sake haɗuwa, kuma suwin da salsa sun fi yawa.

Jiragen, ɗaya bayan ɗaya

Duk inda masu rawar zaure suka zauna zancen teku, da Cunard ake farawa, kuma akwai dalili. Kamfanin ya fara ƙetare Tekun Atlantika tun 1840, kuma har yau kowane jirginsa yana da zaure na musamman da ake kira Queens Room, wanda tun wajen zanen jirgi aka ware shi don rawa da shan shayin la'asar. Jiragensa huɗu ne. Queen Mary 2 ta fara aiki a 2004, an ƙera ta a Saint-Nazaire ta Faransa, tsawonta mita 345, tana ɗaukar fasinja wajen 2,700. Zaurenta shi ne mafi girman zauren rawa a kan teku, da daɓen katako, da dandamalin makaɗa a gabansa, da kujeru kewaye. Abin da ya ƙara mata daraja wajen mai rawa shi ne ginin jikinta. Don ƙetare teku aka yi ta, ba don kewaya gaɓa ba. Jikinta ya fi kauri, ta fi nutsewa cikin ruwa, gabanta dogo ne mai tsaga taguwa, kuma zauren yana hawa na 3, can ƙasa inda girgiza ba ta da yawa. Ranar da wani jirgin zai sa masu rawa zama, ita sai ka ga ana ci gaba.

Queen Victoria ta 2007 da Queen Elizabeth ta 2010 sun fi ta ƙanƙanta, kowacce fasinja dubu biyu da 'yan kai. Zaurensu yana da tsayin hawa biyu, da baranda a sama inda masu kallo ke leƙowa. Filin bai kai na babbar yayarsu ba, amma ya isa a yi fokstrot ba tare da takura ba, in dai ba daren babban biki ba ne. Ni ina ganin ga ma'auratan da ke son rawa kuma suna son ganin garuruwa, waɗannan biyu sun fi dacewa, don yawon tasha zuwa tasha suka fi yi. Queen Anne ita ce auta, ta 2024, mai fasinja kusan 3,000. An yi mata tsari na zamani, zaurenta kuma yana ɗaukar wasu shagulgula ban da rawa, saboda haka masu rawa da dama sun fi karkata ga ukun farko. In ita ce za ka hau, nemi hoton filinta ka duba da idonka.

Abin da za ka biya a madadin wannan gata shi ne ƙa'idar sutura. Da yamma ta yi, ana so kowa ya kintsa, kuma a dararen biki maza kan sa baƙar kwat ta dina da nektaye mai malam-buɗe-littafi, ko aƙalla kwat mai duhu, mata kuma doguwar riga. Wasu dararen suna da jigo, kamar daren baƙi da fari ko daren rufe fuska. Wanda wannan zai zame masa nauyi, to ya sani tun yanzu. Ga mai rawar zaure kuwa ba nauyi ba ne, wani sashe ne na daɗin.

P&O Cruises ɗan'uwan Cunard ne, duk ƙarƙashin kamfanin Carnival suke, kuma kamar Cunard, shi ma daga tashar Southampton ta Ingila yake tashi, amma ya fi sassauci a kuɗi da sutura. A nan sai an yi hattara, don jiragensa ba ɗaya ba ne. Aurora ta 2000 da Arcadia ta 2005 ƙanana ne, sun daɗe a matsayin jiragen da ba a ɗaukar yara, kuma tsofaffin masu rawa sun saba da su. Britannia ta 2015 tana da ɗakin rawa na musamman mai suna Crystal Room. Iona da Arvia kuwa, masu ɗaukar fiye da mutum 5,000 kowacce, don iyalai da shagali iri-iri aka yi su. Wanda ya ji an yabi rawar P&O ya je ya hau kowanne ba tare da duba suna ba, yana iya dawowa da labari dabam.

Sai ƙananan kamfanoni biyu da ba a cika tallata su ba. Fred. Olsen yana da Bolette da Borealis da Balmoral, jirage masu ɗaukar mutum dubu da ɗari uku ko kusa da haka, tsofaffi amma masu fara'a, inda bayan kwana uku ka san fuskar duk wanda ke zuwa fili. Filayensu ba manya ba ne, amma al'adar rawa tana nan da ranta. Saga kuma na waɗanda suka kai shekara 50 ne, da jirage biyu, Spirit of Discovery da Spirit of Adventure, kowanne bai kai fasinja dubu ba, kowane ɗaki da barandarsa, kuma kusan komai yana cikin kuɗin tikiti. Sai dai kasuwarsu 'yan Birtaniya ce, don haka wanda ke zaune a wata ƙasa ya tambayi sharuɗɗan saye da na inshora tun farko.

A ɓangaren masu tsada akwai Crystal, mai jirage biyu, Serenity da Symphony, wanda ya durƙushe a 2022 ya dawo a 2023 a hannun sabbin masu shi. Ya yi suna wajen abokan rawa na jirgi da darussa masu kyau, amma kuɗinsa ba na kowa ba ne.

Costa da MSC, masu asali daga Italiya, wani launi ne dabam. Falo-falo ne da yawa, kusan kowanne da makaɗi biyu ko uku, fasinjoji daga ƙasashe barkatai, kuma mutanen suna son rawa da gaske. Za ka ji tango a nan, wals a can, salsa a gaba. Matsalar ita ce daɓe. Wasu filayen zagayayyu ne, wasu na marmara ko dutse mai sheƙi, wasu da ginshiƙi a gefe. Ga mai rawar Latin da ke son araha da annashuwa, zaɓi ne mai kyau. Ga mai kwikstep, a'a.

Manyan jiragen Amurka irin Icon of the Seas, wadda ta fara aiki a Janairun 2024, mai tsawon kusan mita 365 da ɗaukar fasinja har 7,600, abin mamaki ne a gani. Akwai wurin wasan ruwa, da filin ƙanƙara, da gidajen abinci ba iyaka. Amma girman jirgi bai nufin girman filin rawa. Kowane taƙi na cikinsu an auna abin da zai kawo, kuma fili fetal na katako ba ya sayar da komai. In da yara za ka tafi, je ka, za su gode maka. In rawa ta kai ka, ba can ba ne.

Saura hanya ɗaya da mutane ke mantawa da ita. Wasu makarantun rawa da 'yan kwamishon tafiya kan haɗa ayari, su kama ɗakuna da yawa a jirgi ɗaya, su zo da malamansu da abokan rawarsu, su karɓi wani ɗaki na wasu sa'o'i kullum. Kuɗin ya fi na tikitin kai tsaye, amma kana da tabbacin darasi daidai matakinka da mutanen da suka zo don abin da ka zo. Tambayar da za ka yi musu guda ce: a wane ɗaki za a yi, kuma daɓensa na mene ne? Na taɓa ganin ayarin da aka ba ɗakin taro mai kafet aka shimfiɗa musu 'yan allunan haɗawa a kai, mutane suna tuntuɓe da bakin allo har tafiya ta ƙare.

Maganar daɓe ba tsirfa ba ce. Katakon da aka ɗora a kan abin da ke ɗan lotsawa yana shanye nauyin taku, shi ya sa za ka yi sa'a uku a kansa ka tashi lafiya. Marmara da ƙarfe da gilashi ba sa shanye komai, duk bugun gwiwa da ƙugu yake komawa. Dare ɗaya ba za ka ji ba. Dare na biyar ne jiki zai faɗa maka.

Hanyar da jirgi zai bi

Bayan jirgi, sai hanya, kuma a nan mai rawa ya saba wa sauran matafiya. Su suna ƙirga tashoshi, shi yana ƙirga kwanakin teku, wato ranakun da jirgi ke wuni yana tafiya. A ranar tasha mutane kan fita tun safe, su dawo da yamma ƙafa ta kumbura, darasin rawa sau da yawa babu shi, fili kuma da dare sai 'yan tsiraru. Yawon Bahar Rum na mako guda yana iya zama tasha shida da kwanan teku ɗaya. Za ka ga duniya, amma rawarka kaɗan ce.

Ƙetare Atlantika tsakanin Southampton da New York, wanda Queen Mary 2 ke yi galibi cikin dare bakwai, duk kwanakin teku ne. Ga wani ɗan sirri da ya kamata ka sani: idan jirgi ya nufi yamma, wajen Amurka, ana mayar da agogo baya da sa'a ɗaya a dare biyar, sai ranarka ta zama sa'a 25. Idan gabas ya nufa, ragewa ake yi, rana ta koma sa'a 23. Wanda zai kai tsakar dare a fili ya kuma tashi darasin safe, ya san wacce ta fi masa. In dai sau ɗaya za ka yi, yi ta yamma.

Akwai kuma tafiyar sauya mazauni, lokacin da kamfanoni ke kwashe jiragensu daga Turai zuwa Karebiyan wajen Oktoba da Nuwamba, su dawo da su wajen Maris da Afrilu. Kwanakin teku da yawa, kuɗin kowane dare kuma yakan yi sauƙi, sai dai ka haɗa da tikitin jirgin sama na dawowa. Zagayen duniya, mai farawa a Janairu ya ɗauki fiye da dare 100, ana sayar da shi gunduwa-gunduwa, kuma a nan ake samun gogaggun masu rawa, don wasunsu duk shekara suna ciki.

Yanayin teku ma abin dubawa ne. Arewacin Atlantika a lokacin sanyi ba ya wasa, haka Mashigin Biskay da jiragen Ingila ke ratsawa in za su kudu. Lokacin guguwa a Karebiyan daga Yuni ne zuwa ƙarshen Nuwamba. Jirage suna da wasu fukafukai a ƙarƙashin ruwa da ke rage tangaɗin gefe da gefe, amma ba sa hana hawa da saukar gaba da baya. Rawa a kan daɓen da ke motsi sai da dabara: a rage tsawon taku, a sassauta gwiwa, a bar yawan juyi. Wals ɗin Biyana, wadda ta ninka wals ta yau da kullum sauri kuma kusan duk juyi ce, a ajiye ta sai ruwa ya kwanta.

Yadda wuni ke tafiya a ciki

Kowane dare za a sa maka takardar shirin gobe a ɗaki, ko ka gani a manhajar waya. Ita ce jagorarka. A ranar teku mutum kan tashi ya karya, ya zagaya farfajiyar jirgi, wadda a Queen Mary 2 zagaye uku ya ɗan haura mil ɗaya. Da hantsi akwai laccoci, da ɗakin karatu, da wasannin tebur. Da tsakar rana kyaftin kan yi sanarwa, ya faɗi inda ake da yadda teku take. Darasin rawa na kowa da kowa kyauta ne, yawanci bai wuce sa'a ɗaya ba, rawa ɗaya a rana, kuma daga tushe ake farawa. Wanda ya riga ya iya ba zai ƙaru sosai ba, amma ina ba da shawarar ya je, don a nan ake sanin juna. Darasi na kai kaɗai da ƙwararrun jirgi kuwa biya ake yi, kuma gurabensa kan cika da wuri.

Da ƙarfe uku da rabi, a jiragen Cunard, zauren kan koma wurin shan shayi, masu hidima da farar safar hannu, wani lokaci kuma a haɗa da rawar la'asar. Daga nan sai shirin dare, kuma a nan akwai shawarar da za ta shafi tafiyarka duka: lokacin cin abinci. Babban ɗakin cin abinci yakan yi zama biyu, na farko wajen ƙarfe shida, na biyu wajen takwas da rabi, wasu jiragen kuma suna barin mutum ya zo lokacin da ya ga dama. Mai zaman farko yana da dukan dare a gabansa, abinci ya faɗa kafin kiɗa ya yi zafi. Mai zama na biyu yana samun fili da sarari kafin abinci, lokacin da rabin jirgi ke kan tebur, amma yakan dawo da cikakken ciki. Masu rawa da yawa na farko suke zaɓa, kuma shi ke fara cika, don haka a nema tun ranar biyan kuɗi.

Makaɗa su ne ran zaure. Tambaya ba wai ko akwai su ba, a'a, ko sun san saurin kowace rawa. Wals in an ja ta ta yi sanyi, ƙafa ba ta iya riƙe ta. Kwikstep in an zabga mata gudu, sai matasa kaɗai. Ƙungiyar da ta saba da zaure tana riƙe sauri daidai, tana sauya rawa bayan kowace waƙa ko biyu, kuma in sun tafi hutu ana saka faifan da aka yi don rawa, ba a bar fili shiru ba.

Abokin rawa, ɗaki da kaya

Mai zuwa da mijinta ko matarsa ba shi da damuwar neman abokin rawa, kuma babu wanda zai tilasta masa rawa da wani. Mai tafiya shi kaɗai kuwa, musamman mace, don mata sun fi yawa a fili, ta tambayi ko akwai abokan rawa na jirgi. Mutane ne da suka iya rawa, yawanci dattawa, da kamfani ke ɗauka a madadin ɗaki da abinci. Aikinsu su gayyaci waɗanda ba su da abokin rawa, bi da bi, ba fifiko, ba kuma wata alaƙa bayan rawar. Cunard da Fred. Olsen da Saga da Crystal duk an san su da wannan tsari, amma yawansu yana canzawa daga tafiya zuwa tafiya, wani lokaci ma babu. Kada ki yarda da amsar "muna da su". Ki ce a tabbatar miki a rubuce cewa suna cikin wannan tafiyar, ta wannan ranar, kuma su nawa ne. Mutum huɗu ga mata arba'in na nufin rawa biyu ko uku a dare.

Mai tafiya shi kaɗai yana da wani nauyin kuma. Farashin da ake tallatawa na mutum ɗaya ne a ɗakin mutum biyu, don haka in kai kaɗai ne ana iya ƙara maka har ninki. Wasu jirage suna da ɗakunan mutum ɗaya, Queen Mary 2 ma an ƙara mata su a gyaran 2016, amma kaɗan ne, da wuri suke ƙarewa.

Ɗakuna iri huɗu ne: na ciki marar taga, mai taga, mai baranda, da babban masauki. Ra'ayina, ga mai rawa a kan Atlantika, kuɗin baranda asara ce mafi yawan lokaci, don iska da sanyi ba sa barin ka zauna, kai kuma ba a ɗaki kake wuni ba. Gara ka ɗauki ɗaki mai sauƙi a tsakiyar jirgi, hawa na ƙasa, inda tangaɗi ya fi ƙanƙanta, ka sa rarar a darasi ko ƙarin kwanaki. A yawon Norwe kuwa, inda duwatsu ke wucewa ta gabanka tun asuba, baranda ta ci kuɗinta. Ka kuma duba taswirar jirgi: kada ɗakinka ya kasance daidai saman gidan rawar dare ko ƙarƙashin wurin cin abinci.

Takalmin rawa mai tafin fata mai laushi shi ne kayan aikinka. Ba a taka shi a farfajiyar jirgi, don danshi da gishiri suna kashe tafin. A riƙo shi a 'yar jaka, a sa a zaure, a haɗa da ɗan burushin ƙarfe na kankare shi. Mata su zo da mai gajeren dunduniya don ranar da teku ta motsa. Riguna kuma a yawaita na ciki, don rawa gumi ce. Ba a yarda da dutsen guga a ɗaki ba saboda gobara, amma jirage da dama, har da na Cunard da P&O, suna da ɗakin wanki da guga na fasinja.

Kuɗin da ba ya cikin talla

Tikiti yakan ƙunshi ɗaki, da abinci a manyan wuraren ci, da nishaɗi. Abin da ke biyo baya shi ke ba mutane mamaki ranar sauka, don a jirgi ba a taɓa tsabar kuɗi, katin ɗakinka shi ne makulli shi ne kuma walat. Kamfanoni da yawa suna ɗora tukuicin ma'aikata kai tsaye, wajen dala 15 zuwa 20 ga kowane mutum kullum, da ƙarin kashi 15 zuwa 20 cikin 100 a kan abin sha. P&O da Saga sun haɗe tukuici cikin tikiti. A jiragen Cunard da dalar Amurka ake lissafi, a na P&O da fam. A yawancin jirage intanet biya ake yi, yawon gari da kamfani ya shirya biya ake yi, ganin likitan jirgi ma haka, kuma da tsada, shi ya sa inshorar da ta ambaci tafiyar teku da ɗauko maras lafiya daga jirgi wajibi ce. Kunshin abin sha na kullum, wanda ba ya shan giya ba ya buƙatarsa, akwai na lemo da shayi mai sauƙi. Mai buƙatar abinci na musamman, halal ko na rashin lafiya, ya sanar makonni kafin tafiya. Biza kuma ta kowace ƙasar da jirgi zai tsaya ake dubawa, ko da ba ka da niyyar sauka, fasfo kuma ya kasance da sauran aƙalla wata shida. Mai juna biyu da za ta shiga mako na 24 kafin tafiya ta ƙare, yawancin kamfanoni ba sa ɗaukarta.

Idan za ka kwatanta tafiya biyu, tara duk waɗannan, ka raba da yawan dararen da za a yi rawar zaure da makaɗa a daɓen katako. Sau da yawa wadda ta fi tsada a talla ita ke fitowa da sauƙi.

Ranar hawa, manyan akwatuna sukan daɗe kafin su iso ɗaki, don haka takalmin rawa ya kasance a jakar hannunka. Za a yi atisayen ceto kafin jirgi ya tashi ko da tashinsa, doka ce ta ƙasa da ƙasa, kowa sai ya san wurin taruwarsa. Da an gama, yayin da jama'a ke sama suna kallon gari yana nisa, sauka zauren. A lokacin babu kowa. Taka tsawonsa ka ƙirga, ka ga inda kusurwa take da inda katako ya haɗu da kafet, ka zaɓi teburin da za ku riƙa zama, sannan ka nemi malaman rawa ka sa sunanka tun littafinsu bai cika ba.